Wai da gaske kumburi ne ke kawo ciwon suga? Ku zo mu tattauna binciken Farfesa Hotamisligil

Maman Iman:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Dan Allah ina da tambaya, ku yi haƙuri zan ɗan ja ta da tsawo. Maigidana shekara uku kenan da aka ce yana da ciwon suga nau'i na biyu, yana shan metfomin safe da dare amma sugan bai cika sauka yadda ake so ba, gwajin nan na matsakaicin suga na wata uku, HbA1c, na ƙarshe 8.2 ya nuna. Satin da ya wuce likita ya ƙara masa wani gwajin jini wai shi CRP, ya fito 4.6, sai likitan yace akwai alamar kumburi a jikinsa. To ni dai na duba mutumin nan daga kai har ƙafa babu inda ya kumbura, ba zazzaɓi ba ciwon komai, tumbi ne kawai wanda dama yana da abinsa tun kafin a gano ciwon. Da na faɗa wa babban ɗanmu sai ya turo min labarin wani farfesa Baturke da ke aiki a Amurka, Gokhan Hotamisligil, wai shi ya gano cewa ƙiba da ciwon suga tare suke tafiya da kumburi. Abinda ya tsaya min a rai shi ne, in dai kumburi ne tushen abin me zai hana a ba shi maganin kumburi kawai a huta? Muna da dikulofenak da ibufurofen a gida, har na ce masa ya fara sha yace a'a sai na tambaya tukuna.

Sista Mai Aikin Dare:
Wa alaikumus salam. Anti dan girman Allah kar ya sha, gara da ya ƙi. Waɗannan magungunan ƙoda suke taɓawa in aka daɗe ana sha, ga gyambon ciki ga hawan jini, shi kuma mai suga dama ƙodarsa ce abin da muke ta lallaɓawa. Kar garin neman gira a rasa ido. Kuma ba sa sauke suga ko kaɗan. Bayanin binciken na bar wa masu shi amma wannan ɗin kam na gani da idona a ɗakin marasa lafiya ba sau ɗaya ba.

Ɗan Aji Biyar:
Mama sannu da jinya, Allah ya ƙara masa lafiya. Inda kika rikice kalmar ce, don mu da mun ji kumburi sai mu tuna ƙafa ta haye ko maruru. Abin da likitoci ke nufi ya fi haka faɗi, wato garkuwar jiki ta tashi tsaye tana faɗa. Iri biyu ne. Akwai na ƙaya ta soke ka, wajen ya yi ja ya yi zafi ya kumbura kwana uku ya wuce, wannan wutar kara ce. Akwai kuma irin na Baba, wutar ƙaiƙayi, ta ƙasa take ci shekara da shekaru ba harshe ba hayaniya, sai dai a gwajin jini a ga alamarta. CRP ɗin nan hanta ce ke yin sa duk lokacin da ta samu saƙo cewa ana faɗa a wani waje. A irin gwajin da ake yi don duba haɗarin zuciya ƙasa da 1 ana cewa da sauƙi, 1 zuwa 3 tsaka-tsaki, sama da 3 ya yi yawa. In ya haura 10 galibi wata cuta ce ta shiga jiki a lokacin.

Shi kuma Hotamisligil likita ne da ya gama a Jami'ar Ankara a 1986, ya tafi Harvard yin digiri na uku a ɗakin binciken Bruce Spiegelman. A 1993 suka fitar da aikin a mujallar Science. Sun duba kitsen ɓeraye masu ƙiba suka tarar yana fitar da wani sinadari TNF-alfa da yawa, wanda a da an san shi ne a matsayin makamin garkuwar jiki. Da suka toshe sinadarin a jikin dabbobin sai insulin ya dawo yana aiki fiye da da. A 1997 kuma suka samar da ɓerayen da ba sa iya yin TNF gaba ɗaya, aka ciyar da su suka yi ƙiba amma jikinsu bai bijire wa insulin kamar sauran ba. Kafin nan kallon rumbu ake yi wa kitse, wajen ajiya kawai, daga nan aka gane yana magana da sauran jiki.

Kawu Mai Ritaya:
Yaro na ji bayaninka kuma ka iya, Allah ya yi albarka. Amma ni shekara 19 ina ɗauke da ciwon nan, kuma duk bayan 'yan shekaru sai an zo mana da sabon labari daga ɓera. Ɓera daban mutum daban. Tun 1993 fa kace, yau sama da shekara 30, ina maganin? In da gaske ne ai da yanzu an ba mu ƙwaya ɗaya mun ajiye allura. Ni abin da na sani suga ne ya yi yawa a jini, ka kula da bakinka ka sha maganinka.

Ɗan Aji Biyar:
Kawu ai ba a ɓera aka tsaya ba. A 1995 su ɗin dai sun nuna kitsen mutane masu ƙiba ma yana fitar da TNF fiye da na marasa ƙiba, kuma in mutum ya rage nauyi sai ya ragu.

Mai Harhaɗa Magani:
Ƙanina tsaya, Kawu yana da gaskiya fiye da yadda kake tsammani, kuma ni ɓangarensa nake ko da ba duka ba. An gwada toshe TNF ɗin a jikin mutane masu suga tun 1996 a Ingila, ba a ga wani canji a aikin insulin ba. Yau magungunan toshe TNF suna nan birjik ana ba masu amosanin gaɓɓai, ba wata hukuma da ta amince a ba da su don ciwon suga.

Kuma maganar ma ta girmi farfesan nesa ba kusa ba. Tun 1876 wani likita Bajamushe Wilhelm Ebstein ya rubuta cewa salisilet, dangin asfirin kenan, in aka ba mai ciwon suga da yawa sai sugan da ke fita a fitsarinsa ya ragu. Aka kusan manta da zancen sama da shekara ɗari saboda ba a san dalili ba, sai 2001 Steven Shoelson na cibiyar Joslin a Boston ya nuna cewa maganin yana kashe wani makunnin kumburi ne a cikin ƙwayoyin jiki. Murna ta tashi, aka ɗauko salsalet wanda bai cika sa zubar jini kamar asfirin ba aka yi gwaji na gaske, Allison Goldfine ta jagoranta, mutum 286, sati 48, giram 3.5 kullum. Sakamakon da ya fito a 2013, HbA1c ya sauka da 0.37 fiye da na masu shan maganin wofi, wato ƙwayar da ba magani a cikinta da ake ba wasu don kwatantawa. Ya sauka ɗin kam ba ƙarya, amma metfomin da Baban Iman ke sha shi kaɗai yana sauke kusan 1 cur. Ga shi kuma mugun kitsen jini LDL ya ɗan hau, furotin a fitsari ya ƙaru, nauyi ma ya ɗan ƙaru. To wa zai rubuta wa mai suga maganin da ke ƙara furotin a fitsari saboda 0.37? Shi ya sa har yau ba ka ganinsa a takardar kowa.

Maman Iman:
Ikon Allah. To kenan asfirin ɗin ma ba zai yi ba? Don yana shan ƙaramin nan guda ɗaya kullum.

Mai Harhaɗa Magani:
Hajiya wannan ƙaramin don hana jini daskarewa aka ba shi, ya ci gaba yadda likita ya ce, kar ya ƙara kar ya rage. Adadin da ke taɓa suga giram-giram ne, wanda zai sa kunne ƙara ciki ya yi jini. Ba hanya ba ce.

Dakta Mai Ɗakin Gwaji:
Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba, amma tunda abin ya zo kan aikina bari in ce wani abu. Kawu ranka ya daɗe, tambayarka ita ce tambayar da masu binciken kansu ke yi wa juna, ba raini a cikinta.

Bari in fara da abin da ba a gardama a kansa. Ƙwayar kitse kamar salka ce, tana da iyakar abin da za ta ɗauka. In abin da ke shiga jiki ya fi wanda ake ƙonawa shekara bayan shekara sai ta yi ta buɗewa har jini ya kasa kai mata iska yadda ya kamata, wasu su galabaita wasu su mutu. Jiki kuma ba ya barin gawa a yashe, sai ya turo masu shara, wasu ƙwayoyin garkuwa da muke kira makurofaj, aikinsu haɗiye datti. A 2003 ƙungiyoyi biyu a Amurka, ɗaya ta Anthony Ferrante a Jami'ar Columbia, suka nuna cewa a kitsen siririn ɓera makurofaj ba su wuce kashi 10 cikin ɗari na ƙwayoyin wajen ba, a na mai ƙiba sosai kuwa suna kai kashi 40 har sama. In ka sa a madubin ƙara girma za ka gan su sun yi wa matacciyar ƙwayar kitse zobe, wlh ranar da na fara gani da idona na daɗe ban ɗago kai ba. Kuma aka gane yawancin TNF ɗin da Hotamisligil ya gani daga wajensu yake fitowa.

To ya ake yi wannan ya hana insulin aiki? Insulin sallama yake yi a ƙofar ƙwayar tsoka ko ta hanta, akwai ɗan aike a ciki sunansa IRS-1 da ke kai saƙo cewa a buɗe suga ya shigo. Sinadaran kumburi suna tayar da wani mai suna JNK shi kuma ya ɗaure ɗan aiken. Insulin na ta sallama ba mai amsawa, sai fankiriyas, gaɓar da ke yin insulin, ta ƙara turo wani, ta ƙara, ta ƙara, har ta gaji. Ɗakin binciken Hotamisligil ne ya nuna rawar JNK a 2002, a 2004 kuma suka nuna cewa masana'antar da ke naɗe furotin a cikin ƙwaya ita ma in aiki ya yi mata yawa tana kunna wutar. Wannan duka an maimaita shi a ɗakunan gwaji da yawa a ƙasashe daban-daban, ya zauna.

Inda ake gardama shi ne nawa ne kason kumburi a ciwon ɗan adam, kuma in ka kashe shi kaɗai ka bar abin da ke hura shi me za ka samu.

Mai Harhaɗa Magani:
Dakta ai an samu amsar wannan, CANTOS. Faɗa musu ko in faɗa.

Dakta Mai Ɗakin Gwaji:
Faɗa Malam, ni kuma in faɗi inda ban yarda da fassararka ba.

Mai Harhaɗa Magani:
To. Akwai wani sinadarin kumburi IL-1 beta wanda Marc Donath na Suwizalan ya nuna yana lalata ƙwayoyin fankiriyas masu yin insulin. A 2007 suka gwada anakinra mai toshe shi a mutum 70 na sati 13, HbA1c ya sauka da 0.46, kowa yace an zo wajen. Sai babban gwaji ya zo, CANTOS, Paul Ridker ya jagoranta aka fitar a 2017, mutum 10,061 waɗanda suka taɓa samun bugun zuciya kuma CRP ɗinsu ya kai 2 ko sama, ana musu allurar kanakinumab duk wata uku. CRP ya faɗi ƙasa sosai, bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da mutuwa ta dalilinsu suka ragu da kusan kashi 15 cikin ɗari ba tare da an taɓa kitsen jini ba. Amma da aka duba suga fa? Masu dab da kamuwa sun kamu kamar yadda na allurar wofi suka kamu, ba bambanci. Masu ciwon kuma HbA1c ya ɗan sauka wata 6 zuwa 9 na farko ya koma inda yake. Ga mutuwa ta dalilin kamuwa da ƙwayoyin cuta ta ƙaru tunda an raunana garkuwa. Mutum dubu goma fa, kusan shekara huɗu ana bin su. Ni a wajena wannan ya nuna kumburin hayaƙi ne, ka kore hayaƙi wuta na nan tana ci.

Dakta Mai Ɗakin Gwaji:
Alƙalumanka daidai ne ban cire ko ɗaya ba. Amma duba waɗanda aka gwada, matsakaicin shekarunsu ya haura 60, sun riga sun yi bugun zuciya, kuma don zuciya aka tsara gwajin ba don suga ba. Sinadari ɗaya tak aka toshe cikin gomomi. Gida ya kama ta ƙofa biyar ka rufe ɗaya kace ruwa ba ya kashe wuta? Sannan ka ce hayaƙi, to hayaƙi ba ya riga wuta. A 2001 an fitar da binciken mata sama da 27,000 a Amurka waɗanda lafiyarsu ƙalau lokacin da aka ɗebi jininsu, aka bi su shekara huɗu, waɗanda CRP ɗinsu ya fi yawa tun farko sun fi kamuwa da suga ninki huɗu ko bayan an cire tasirin ƙiba da gado da sauransu. Kumburin ya riga ciwon zuwa.

Inda zan ba ka gaskiya shi ne CRP ɗin kansa. Akwai mutanen da gado ya sa CRP ɗinsu ke sama tun haihuwa, aka duba ba su fi kowa kamuwa da suga ba. Kenan shi CRP ɗan rahoto ne kawai ba shi ke ɓarnar ba. Shi ya sa Hajiya kar lambar 4.6 ta zama ita ce abokiyar gabarku.

Wani abin kuma da ya ƙara dagula lissafi, kumburin nan ba duka ne sharri ba. Shi Donath ɗin a 2017 ɗakinsa ya nuna cewa bayan cin abinci IL-1 beta na ɗan tashi yana taimaka wa fitar insulin. Philipp Scherer a Texas a 2014 ya nuna ɓerayen da aka hana kitsensu yin kumburi gaba ɗaya kitsen ya kasa buɗewa lafiya, sai mai ya koma ya taru a hanta abin ya fi muni. Kaɗan gyara ne, wanda ya ƙi mutuwa shi ne ɓarna. Maganin da zai bambance biyun nan shi ne har yanzu ake nema.

Siririn Gida:
Ni fa duk maganar nan taku ta kiba ce, ni kuma tsawona da nauyina kowa ya ganni cewa yake in kara cin abinci amma shekara biyu kenan ina fama da suga, shekarata 34. To ni kumburin daga ina? ko ni nawa daban ne

Dakta Mai Ɗakin Gwaji:
Ɗan'uwa tambaya mai kyau. Ba yawan kitse kawai ba ne, inda ya zauna ne. Na ƙarƙashin fata a cinya da ɗuwawu bai cika fitina ba, wanda ya naɗe hanji da wanda ya shiga cikin hanta da fankiriyas shi ne mai tada ƙura, kuma jininsa kai tsaye hanta yake zuba. Roy Taylor na Jami'ar Newcastle yana da ra'ayin cewa kowa da iyakar kitsen da jikinsa zai iya ajiyewa lafiya, wani salkarsa babba wani ƙarama, mai ƙaramar zai cika ya tumbatsa alhali a ido siriri ne. Amma kai da shekara 34 kuma siriri, ka roƙi likitanka ya duba ko nau'i na ɗaya ne mai zuwa a hankali, akwai gwajin jini na GAD da na C-peptide. Wancan garkuwar jiki ce ke kai wa ƙwayoyin insulin hari kai tsaye, labarinsa daban maganinsa daban, kuma ana yawan ɗaukarsa a matsayin na biyu a manya. In kana ramewa ko ƙwayoyin ba sa riƙe ka kar ka jinkirta.

Siririn Gida:
Wlh ramewa nake kuma an canza min magani sau biyu. Nagode Dakta zan je satin nan in sha Allah

Anti Mai Ɗinki:
Ni dai bari in ba da nawa labarin ko wani zai tsira. Gwiwa ta dame ni bara, wani a shagon magani ya haɗa min ƙwayoyi yace na kumburi ne, ciki akwai wata 'yar ƙarama fara ashe feredinisolon ce ban sani ba. Gwiwa ta yi daɗi kwana biyu har ina sa masa albarka, sati uku ina sha, sai ƙishirwa da fitsari ba dare ba rana, idona ya fara hazo, da na auna na'urar ma kasa nuna lamba ta yi. Kwana biyar na yi a kwance ana min insulin. To in maganin kumburi ne ke gyara suga ni me ya sa ya kusa kashe ni? An gudu ba a tsira ba kenan.

Sista Mai Aikin Dare:
Sannu Anti, Allah ya kiyaye gaba. Irin ki muna karɓa da yawa. Sitiroyid irin su feredinisolon da deksametason sun fi komai kashe kumburi amma suna sa hanta ta yi ta zubo suga cikin jini kuma su hana tsoka ɗauka. Har wanda ba shi da ciwon suna iya jawo masa. In likita ne ya rubuta don wata larura ya san yana da suga zai daidaita magani, kuma wanda ya daɗe yana sha kar ya yanke rana ɗaya sai an rage masa a hankali.

Mai Harhaɗa Magani:
Labarin Anti ma hujjata ce. Mafi ƙarfin maganin kumburi a duniya shi ke tada suga.

Ɗan Aji Biyar:
Yaya wannan kam ba hujja ba ce, sitiroyid hanyarsa ta tada suga daban take da hanyar kashe kumburinsa, kwaikwayon kotisol yake yi, wani sinadari da jiki ke yi da kansa mai tada suga. Kamar kace ruwa ba ya kashe wuta don ambaliya ta rushe gida.

Lafiya Jari Kayan Gyaran Jiki:
Salam yan uwa masu fama da suga da kumburin ciki akwai hadin mu na musamman mai wanke kumburi daga jijiya cikin kwana 21 ba sai kun kara shan maganin asibiti ba, a tuntube mu ta inbox

Sista Mai Aikin Dare:
Malam ji tsoron Allah. Mutanen da suka kashe shekara 30 a ɗakin gwaji ba su ce sun wanke shi a kwana 21 ba. Wanda ya ajiye maganinsa saboda maganarka ƙafarsa ta ruɓe kai za a tambaya ranar gobe. Masu kula da gidan nan a duba mana dan Allah.

Kawu Mai Ritaya:
An gode Sista. To Dakta na saurare ku duka kuma na janye rabin maganata, na yarda abin ba tatsuniyar ɓera ba ce. Amma har yanzu ba ku ba wa baiwar Allah nan amsa ba. Mijinta ya yi me gobe da safe?

Dakta Mai Ɗakin Gwaji:
Gaskiyarka Kawu, mun yi nisa. Abin da ya fi kowane magani sauke kumburin nan shi ne a rage wa salkar kaya. A gwajin DiRECT da Roy Taylor da Mike Lean suka yi a Birtaniya aka fitar a 2017, mutane kusan 300 waɗanda ciwonsu bai wuce shekara 6 ba kuma ba sa allurar insulin, rabi aka sa su tsarin rage abinci mai tsanani ƙarƙashin kulawar ma'aikatan lafiya na wata 3 zuwa 5. Bayan shekara ɗaya kashi 46 cikin ɗari sugansu ya koma daidai ba magani, a ɗaya ɓangaren kashi 4 kacal. Cikin waɗanda suka zubar da kilo 15 ko fiye kashi 86 ne. Bayan shekara biyu ya sauko zuwa 36 saboda nauyi na dawowa wasu, don haka lafawa ce ba warkewa ta har abada ba. Baban Iman shekara uku ne, yana cikin lokacin da abin ya fi yiwuwa. Amma ba a yin irin wannan a gida kai kaɗai, dole likita ya sani don a daidaita magunguna musamman na hawan jini.

Sai motsa jiki, kuma a nan akwai abin mamaki. Bente Pedersen a Denmak ta nuna tun wajen 2000 cewa tsoka in tana aiki tana fitar da IL-6, wanda a kitse sinadarin kumburi ne, amma wanda tsoka ta fitar na ɗan lokaci sai ya jawo sinadarai masu kwantar da kumburi ya danne TNF. Sinadari ɗaya, aiki biyu, ya danganta da wanda ya aiko shi da tsawon zamansa. A babban gwajin rigakafi na Amurka na 2002 mutum 3,234 masu dab da kamuwa, tafiya minti 150 a sati da rage kashi 7 na nauyi sun rage kamuwa da kashi 58, metfomin kuma da kashi 31.

Kuma Malam mai magani zai tabbatar, sababbin alluran nan irin semagulutayid suna sauke CRP sosai tare da nauyi, har ana bincike ko wani ɓangare na kariyar da suke ba zuciya ta nan yake bi. Tunda 8.2 yake a kan metfomin kaɗai lokaci ya yi da za su zauna da likita a kan ƙarin magani.

Mai Harhaɗa Magani:
Na tabbatar. Kuma don kar a ce na ƙi gaskiya, a ɓangaren zuciya ra'ayin kumburi ya ci nasara, a 2023 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da kolcisin miligiram 0.5, tsohon maganin ciwon gaɓɓai na gawut, don rage haɗarin bugun zuciya. A suga ne dai har yanzu ban ga abin da zan miƙa wa mutum in ce wannan na kumburi ne sha ka ji sauƙi ba. Ranar da ya fito ni zan fara kawo labarin gidan nan.

Sista Mai Aikin Dare:
Abu ɗaya da ba wanda ya ambata, baki. Anti Maman Iman ki tambaye shi ko dasashinsa na jini in yana goge haƙori. Ciwon dasashi kumburi ne da ke zaune shekaru ba a kula shi, yana tada CRP, kuma da aka tattara gwaje-gwaje an ga wanke shi a wajen likitan haƙori yana sauke HbA1c da kusan 0.4 cikin wata uku zuwa huɗu. Ku duba fa, daidai da abin da salsalet ɗin can ya yi ba tare da taɓa ƙoda ba. Sigari ma na tada shi, da rashin barci, da minshari mai ɗauke numfashi.

Maman Iman:
Innalillahi, Sista kamar kina gidanmu. Yanzu na je na tambaye shi yace ai ya fi shekara biyu duk safiya sai ya tofar da jini, wai ya ɗauka burushin ne ya yi tauri shi ya sa bai taɓa faɗa ba. Minshari kuwa ba a magana, wani lokacin sai ya yi shiru kamar numfashin ya tsaya in taɓa shi sannan ya ja da ƙarfi. Sigari dai alhamdulillahi ba ya sha. Na kwashe dikulofenak ɗin na ɓoye. Ranar Litinin muke da ganin likita, na rubuta a takarda, maganar dasashi, maganar numfashin dare, ƙarin magani, da ko zai iya shiga tsarin rage nauyi tunda kilo 97 yake. Dakta in mun je a sake gwajin CRP ɗin ne ko a bar shi?

Dakta Mai Ɗakin Gwaji:
Ba laifi a maimaita sau ɗaya bayan sati biyu ko fiye lokacin da ba mura ba wani ciwo, don ko ɗan ƙaramin ciwo na iya ɗaga shi. Bayan nan ku bar shi sai an gyara dasashin an ga yadda nauyi ya yi. Ki ƙara a takardar a duba furotin a fitsari da aikin ƙoda da idonsa in ba a yi ba bana, kuma maganar tsayawar numfashin ki faɗa wa likitan da bakinki yadda kika faɗa mana nan, don shi yana barci bai san yana yi ba.

Maman Iman:
Na ƙara su. Allah ya saka wa kowa da alheri, Kawu Allah ya ƙara lafiya, Siririn Gida kai ma muna jiran naka sakamakon. Zan dawo ranar Litinin da yamma in faɗa muku abin da likitan ya ce.